Kurakuran da aka fi yi wajen auna firgicin maza da mata bayan bala'i

Bayan ambaliya ko girgizar ƙasa, masu bincike kan shiga sansani da takardar tambayoyi, kuma kusan kullum sakamakon ɗaya ne: mata sun fi maza kamuwa da ciwon firgici da likitoci ke kira PTSD. Akwai gaskiya a ciki. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1995 ya gano kusan kashi 10 cikin ɗari na mata da kashi 5 na maza sun taɓa fama da shi. Amma kafin a rubuta cewa mata sun ninka maza, a duba ko sikelin bai karkata ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton tambaya ɗaya ma'anarta ɗaya a kunnen kowa. Takardar PCL-5, wadda ake auna alamun PTSD da ita, tana da tambayoyi 20, kowace da maki 0 zuwa 4, jimla 80, kuma galibi a kan 31 zuwa 33 ake jan layin da ke nuna mai yiwuwa mutum na da ciwon. To, tambayi magidanci ko tsoro na damunsa, sai ya ce lafiya lau, alhali makonni ke nan bai runtsa da kyau ba, yana ta daka wa 'ya'yansa tsawa kan abin da bai taka kara ya karya ba. Makinsa ya yi ƙasa, ciwon kuwa na nan daram. Don haka kafin a kwatanta jimla, a bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya a ga ko namiji da mace masu nauyin ciwo iri ɗaya suna ba da amsa iri ɗaya. Wadda ta saɓa, a ware ta a sake lissafi. Kuma kada a yar da tambayoyin fushi da ganganci don neman gajeriyar takarda, nan ne ciwon maza ya fi leƙowa.

Abin mamaki, ciwon ya shiga littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ne a 1980, bayan abin da aka gani a tsoffin sojojin yaƙin Biyetnam. Yau kuma mazan ne awon ke yawan tsallakewa.

Wani kuskuren, ɗora komai a kan bala'in. Mace na iya zuwa da tsohon tabo na duka ko fyaɗe, ko abin ya same ta a cikin sansanin kansa. In ba a tambayi wannan daban ba, ambaliya ce za ta ɗauki laifin da ba nata ba, taimakon kuma ya tafi inda ba a bukatarsa.

Lokaci ma na yaudara. Sai alamu sun wuce wata ɗaya ake kiransu PTSD, don haka awon sati na biyu firgicin farko kawai yake kamawa.

Sai wurin hira. Ka tsaya a bakin tanti kana karanta wa mace tambaya, mijinta na tsaye yana sauraro, "babu" za ka yi ta ji har ƙarshen takarda. A samu wuri keɓantacce, mace ta tambayi mace. A kuma riƙa komawa da yamma, domin da rana yawancin maza sun fita nema, sai ka tarar tsofaffi da marasa lafiya ne kaɗai suka cika maka layin maza.