Yadda Ake Gano Gyambon Ciki a Doki da Lissafin Kuɗin Maganinsa a Legas

Tumbin doki ba ya daina fitar da ruwan asid, ko da abinci a ciki ko babu. Dokin da ke kiwo a fadama wuni yake yana tsinkar ciyawa, yawunsa na kashe kaifin asid ɗin. Na Legas kuwa, ko a bargar 'yan Folo ta Ikoyi yake ko yana ɗaukar masu shan iska a bakin tekun Lekki, a turke yake wuni, a zuba masa dusa da gero safe da yamma, harawa kuma a ba shi kaɗan-kaɗan saboda daga Arewa ake kawo ta da tsada. Nan gyambon ke samun ƙofa.

Da farko a duba alamu: doki ya fara cin hatsi ya bari, ya rame, gashinsa ya dushe, ya kwantar da kunne ko ya kai cizo in an zo ɗaure majayi, ga ɗan ciwon ciki bayan cin abinci. Tsutsar ciki da matsalar haƙori ma suna kawo irin haka, kuma binciken su ya fi araha, don haka da su za a fara.

Tabbaci sai da na'urar leƙa ciki da likitan dabbobi ke zurawa ta hanci. A tambaye shi tsawon tasa. In ba ta kai mita 3 ba, ba za ta ga ƙasan tumbi ba. A hana dokin abinci awa 12 zuwa 16, ruwa kuma awa 2 zuwa 4 kafin aiki. A sa masa takunkumi, don in yunwa ta ci shi shimfiɗar ƙasa zai cinye, likita ya zo ya tarar da tumbi cike, a sake biyan kuɗin zuwa da na allurar kwantarwa. Masu doki da yawa kan tsallake wannan mataki don gudun kashe kuɗi. A ganina kuskure ne, domin gyambon saman tumbi da na ƙasansa ba magani ɗaya suke ji ba.

Sai magani, inda aka fi yin asara. Omeprazole, maganin rage asid ɗin tumbi, ake bayarwa, miligiram 4 ga kowane kilo na nauyin doki, sau ɗaya a rana, kwana 28. Kada a yi kintacen nauyi da ido. A auna kewayen ƙirji inda majayi ke zama, da tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. A ninka kewayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Dokin da kewayensa 170, tsawonsa 160, ya kusa kilo 390.

Mu ɗauki mai kilo 400. Yana buƙatar miligiram 1,600 kullum. Sirinji ɗaya na GastroGard, wato omeprazole na dawaki da ake matsawa a baki, yana ɗauke da miligiram 2,280, ke nan sirinji 20 za su kai shi ƙarshen wata. A tambayi farashin guda a ninka da 20 tun kafin a fara, kuma a saye su gaba ɗaya, don daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala. Wanda ya sayi na kwana goma ya ga doki ya koma cin abinci ya tsaya, ya zubar da kuɗinsa: zafi ne ya lafa, gyambon bai rufe ba.

Wasu kan ruga kemis su sayo kafson omeprazole na mutane mai miligiram 20. Wannan doki zai buƙaci guda 80 a rana, 2,240 a wata. Abin da ya fi muni, sai a daka su a gauraya da dusa, alhali rufin da ke jikin ƙwayoyin shi ke kare maganin daga asid. Da an farfasa shi, maganin ya lalace kafin ya isa hanji.

Lokacin bayarwa ma doka ne. Da asuba, ciki ba komai, a matsa maganin can bayan harshe, a ɗaga haɓarsa har ya haɗiye, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a zuba abinci. In aka ba shi bayan ya ƙoshi da harawa, kaɗan jiki zai ɗauka. A zaunar da yaron barga a fahimtar da shi wannan da kyau, shi ne mai tashi da doki. A daina ba shi phenylbutazone, maganin kashe zafin ciwo, sai da izinin likita, kuma kanwa ba ta warkar da gyambo.

In gyambon a ƙasan tumbi yake, likita kan ƙara sucralfate, maganin da ke lulluɓe gyambon, miligiram 12 ga kowane kilo sau biyu a rana, kuma yakan wuce wata guda, sai a tanadi kuɗin hakan.

Bayan kwana 28 a sake leƙawa kafin a tsayar da magani. Ciyawa da harawa kada su gaza kilo 6 a rana ga mai kilo 400, a ɗora su a kan katako saboda raɓar Legas na sa su ruɓa. A rage hatsi, a raba shi kashi uku ko huɗu, ruwa ya zauna a gabansa, kuma a ba shi ɗan dami na harawa kamar rabin awa kafin a ɗaura sirdi.