Yadda mai karɓar jingina zai tantance mai kaya

Duk mai karɓar jingina a Damagaram, a Kasuwar Dole yake ko a cikin Birni, ya kamata ya fara neman katin shaidar ɗan ƙasa ko fasfo, ya dubi hoton, ya dubi fuskar mai shi, sannan ya kwafi suna da lambar kati da ranar ƙarewar wa'adinsa. Sanayya ba ta isa ba, domin ana iya aiko sananne da kayan sata.

Littafin rajista ya kasance mai lambar shafi, kuma kada a yage ko ɗaya. Idan an yi kuskure, a ja layi a kansa a sa hannu. Bayanin kaya ne ya fi bukatar natsuwa. Zinariya a auna ta da giram a gaban mai ita, wayar salula a danna *#06# a kwafi lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15, babur kuwa a gwada lambar jikinsa da wadda ke takardar mallaka.

Kuɗi a rubuta su da sefa, wato dala ɗari ta zama 500, tun da dala ɗaya sefa biyar ce, tare da ranar fansa. Mai kaya ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a ba shi rasit.