Yadda Ake Hasashen Yaɗuwar Lakar Yasa a Gaɓar Tekun Accra

Tun bayan ambaliyar ranar 3 ga Yuni, 2015, wadda ta haɗu da gobara a shataletalen Kwame Nkrumah Circle da ke birnin Accra na ƙasar Ghana, mutanen unguwannin Nima da Alajo sun san muhimmancin yashe kogin Odaw da tafkin Korle. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda lakar take nufa idan ta dagula ruwa, ko a bakin Korle ko a tashar jiragen ruwa ta Tema. Ana iya hasashen hakan da kwamfuta tun kafin a soma aiki.

Da farko sai a ɗebo samfurin lakar daga wurare da dama a kai ɗakin gwaji, a tantance kason yashi da na taɓo mai laushi, domin nan ne lissafin yake tsayawa ko ya rushe. Ƙwayar yashi mai faɗin milimita 0.1 tana nitsewa cikin ruwa mai zurfin mita 10 a kusan minti 20, amma ƙwayar taɓo mai milimita 0.01 takan kai kimanin kwana guda tana shawagi, igiyar ruwa kuwa tana tafiya da ita. Sai dai gishirin teku yakan sa ƙananan ƙwayoyin su dunƙule su nitse da sauri, saboda haka a yi gwajin da ruwan teku, kada a yi da na famfo. Lakar Korle tana buƙatar ƙarin kulawa: ruɓaɓɓen datti na kwatoci yana cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa, ga kuma dalma da tagulla da suka taru daga ƙona tarkacen kayan lantarki a Agbogbloshie, unguwar da ke gefen tafkin.

Daga nan a auna zurfin wurin, a kuma kafa na'urar auna gudun ruwa ta yi aƙalla kwana 15, don ta kama cikakken zagayen cikar teku da janyewarsa. A gaɓar Ghana yashi yana tafiya ne daga yamma zuwa gabas, wato abin da ya fito daga bakin Korle yakan doshi Jamestown, inda masunta ke ajiye kwale-kwalensu.

Waɗannan bayanai ne ake zuba wa manhaja. STFATE ta injiniyoyin sojan Amurka tana lissafa sa'o'in farko bayan jirgi ya juye lakar da aka yashe a cikin teku, ita kuwa Delft3D ta ƙasar Holan ko MIKE 21 ta Denmak tana bin lakar na tsawon makonni. A gudanar da lissafin damina daban, musamman watan Yuni lokacin da Odaw ke tumbatsa, na rani ma daban.

Matakin da na fi jin zafin tsallake shi shi ne na tabbatarwa. Taswira mai launuka tana burge mahalarta taro, amma ba ta zama hujja ba sai an fita da jirgi ranar zubar da lakar, an ɗebi ruwa a nesa daban-daban, an auna miligiram nawa na laka ke cikin kowace lita, sannan an kwatanta da abin da kwamfuta ta faɗa. Idan suka saɓa, a fara gyara saurin nitsewar taɓon, a sake lissafi, kafin a miƙa rahoto ga hukumar kare muhalli ta Ghana, wato EPA.