Yadda Ake Zaɓar Kiɗan Da Za A Rubuta Almarar Ban Tsoro Ta Matasa Da Shi

Duk wanda ya saba duba rubutun sababbin marubuta a zaurukan WhatsApp ko a Wattpad, manhajar wallafa labarai, ya san wannan cutar. Labari zai fara da kyau: yarinya 'yar shekara 16 an kai ta makarantar kwana, bayan ɗakin kwanansu akwai tsohuwar rijiya da aka hana kowa leƙawa, kullum da magariba sai a ji ana jan guga alhali babu kowa a wurin. Tsigar jikin mai karatu har ta fara tashi. Feji na goma sai ga saurayi ya ɓullo, feji na sha biyu an koma "rabin raina" da "hasken idaniyata", rijiya kuwa ko oho. In ka tambayi marubuciyar me take saurare lokacin da take taifin, yawanci za ta ce maka waƙar soyayya ce ta fim. Kunne ya ja hannu ya kai shi inda labari bai nufa ba.

Rubutu da kiɗa a kunne ba baƙon abu ba ne ga masu irin wannan almara. Stephenie Meyer, Ba'amurkiyar da ta fitar da labarin masu shan jini na matasa a 2005, ta riƙa wallafa jerin waƙoƙin kowane littafinta a shafinta na intanet, har ta yi wa ƙungiyar mawaƙan Muse ta Ingila godiya a cikin littafi. Yanzu marubuta da yawa na can suna fitar da jerin kiɗa tare da littafi. Sai dai kwafo jerin wani ka saka a kunne ba zai yi maka komai ba, domin shi ya haɗa ne don nasa labarin. Ga yadda za ka haɗa naka.

Mataki na farko: takarda kafin iyafis

Kada ka buɗe Audiomack ko YouTube tukuna. Ɗauki takarda ka jera fitowar da ke cikin babi biyar na farko, kowace da layi ɗaya, sannan a gefenta ka rubuta abin da kake so mai karatu ya ji a ƙirjinsa. "Tsoro" kawai bai isa ba, tsoro iri-iri ne. Akwai fargaba, wato an san wani abu na zuwa amma bai iso ba. Akwai firgici, lokacin da abin ya bayyana. Akwai gudu da faɗa. Akwai kaɗaici da makoki. Sannan akwai natsuwar gida, wadda sababbi ke mantawa da ita, alhali labarin matasa ba ya tsayuwa sai da ita: in mai karatu bai ga jarumar tana tsokanar ƙaninta a tsakar gida ba, ba zai damu ba ranar da maye ya kama kurwar yaron.

Folda biyar ke nan a waya. Kada su wuce biyar, kuma kowace kada ta wuce kiɗa huɗu ko biyar. Masu tara waƙa ɗari biyu ba rubutu suke yi ba, zaɓen waƙa suke yi har dare ya raba.

Mataki na biyu: cire duk abin da ke magana

Wannan doka ce a wurina. Duk waƙar da ke da baiti cikin harshen da kake ji, fitar da ita. Kai ɗaya ne da kai, kuma wurin da ke ƙera jimla shi ne wurin da ke sauraren kalmomin mawaƙi, dole ɗaya ya ba ɗaya hanya. Shi ya sa za ka ga amshin waƙa ya faɗo cikin maganar tauraro ba tare da marubucin ya lura ba. Waƙoƙin Indiya ma, ko ba ka jin Indiyanci, mun taso da su har sun zame mana alamar soyayya da rawa a cikin furanni. Su ma waje.

Abin da ba a cika lura da shi ba: a kunnen Bahaushe kalangu ma magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiyar a hammata yana hawa da sauka da sauti daidai da karin harshenmu, sai ka ji take ko kirari sarai ko da babu wanda ya buɗe baki. Bature zai iya rubutu da kalangu a kunne ya ji ganga kawai, kai ba za ka iya ba. Haka kotso da jauje. Ajiye su.

Hanya ɗaya na yarda a yi amfani da waƙa mai baiti: ka zaɓa wa jarumarka waƙa guda wadda kake jin da tana raye ita za ta riƙa saurare, ka ji ta kafin ka zauna, kana tafiya ko kana wanke-wanke, sannan ka kashe.

Mataki na uku: me za a zuba a foldodin

Na fargaba, nemi kiɗa mai jan sauti ɗaya dogo a ƙasa-ƙasa, ba bugu, ba inda ya nufa. In ka rubuta dark ambient ko dark cello a wurin bincike za ka samu fiye da buƙatarka. Selo babban gogen Turawa ne mai kaurin murya, ya fi fiyano dacewa da wannan aikin, domin fiyano na saurin jan mutum zuwa ga tausayi. Kiɗan wasannin kwamfuta ma na da kyau sosai, don da ma an tsara shi ne ya yi ta zagayawa ba tare da ya ɗauke hankalin mai wasa ba.

Amma in labarinka a ƙasar Hausa yake, kada ka tsaya kan na waje. Goge na nan, tsirkiya ɗaya ta izgar doki a kan ƙwarya, muryarsa kamar ta mutum mai kuka a nesa. Garaya mai tsirkiya biyu ta maharba ce da 'yan bori, duk Bahaushen da ya ji ta ya san an shiga sha'anin daji ko na iskoki. Sarewa na kawo fili da kaɗaici, makiyayi shi kaɗai da rana ta yi gora. Kakaki da algaita da tambari na fada ne, in almararka na da sarki azzalumi ko birnin da ke ƙarƙashin ƙasa, busa ɗaya ta kakaki za ta tsayar maka da ƙofar fadar a ido. Matsalar ita ce yawancin faifan da ke intanet na waɗannan kayan da waƙa a kai. Sai ka yi haƙuri ka nemi inda makaɗi ke taɓa abinsa shi kaɗai, ko ka yanko sakan talatin na farkon faifai kafin a fara rera baiti ka sa ya yi ta maimaituwa.

Na san akwai waɗanda ba sa sauraren kiɗa saboda addini, akwai kuma waɗanda kiɗan bori musamman ba za su kusance shi ba. Babu abin da kuka rasa. Sautin duniya ya ma fi: ruwan sama a kan kwano, kukan gyare, kwaɗi bayan ruwa ya ɗauke, iskar hunturu tana kaɗa ƙyauren langa-langa, mujiya, luguden daka daga can wata unguwa. Wayarka na ɗaukar sauti. Daren damina ka ajiye ta a bakin taga minti goma, ka samu abin da babu marubucin Landan da ke da irinsa, kuma ko kwabo ba ka kashe ba.

Mataki na huɗu: inda kowa ke faɗuwa

Nan zan daɗe, domin nan ne aikin yake lalacewa ko da an bi matakan baya daidai.

Na farko, sabon marubuci na son kiɗan tallan fim, irin mai manyan ganguna da taron muryoyi, wanda ke hawa yana hawa har ya fashe cikin minti biyu. Daɗi ne da shi, yana sa mutum ya ji kamar shi ne zai ceci duniya. Amma an yi shi ne don ya kai ƙololuwa da sauri, kuma hannunka zai bi shi. Sakamakon shi ne babin da kowane sakin layi ake ihu: ƙofa ta buɗe da ƙarfi, jaruma ta ƙwalla ƙara, jini ya malala, aljani ya bayyana da ido goma, duk a feji na uku. To a feji na ɗari da me za ka tsorata mu? Almara mai ban tsoro da jinkiri take rayuwa. Kashi mafi yawa na littafin fargaba ce, abin bai fito ba, guga ce kawai ke motsi. Saboda haka foldar fargaba ita za ka fi zama a ciki, kiɗan ganguna kuwa ka ɓoye shi sai fitowa biyu ko uku a duk littafin.

Na biyu, fitowa ɗaya kiɗa ɗaya, a sa shi ya yi ta maimaita kansa. Kada ka bar waya ta zaɓa maka na gaba. Da zarar kiɗa ya canza, yanayin rubutu ya canza a tsakiyar jimla, mai karatu zai ji ɗinkin ko bai san dalili ba. Bayan zagaye na huɗu ko na biyar za ka daina jin kiɗan kwata-kwata, to a nan ne ya fara aiki. Kuma ka ware shi: kiɗan rijiya na rijiya ne kaɗai, kada ka saurare shi a cikin adaidaita sahu ko kana hira. In ka kiyaye haka, ko wata biyu ka yi ba ka taɓa labarin ba, kana kunna shi za ka tsinci kanka tsaye a bakin rijiyar. Masu rubutu feji-feji suna turawa kullum, wannan zai hana muryar labarinku sauyawa tsakanin Litinin da Alhamis.

Na uku shi ne mafi muhimmanci, kuma shi ne ba a so a ji. Kiɗa maƙaryaci ne. Kana rubutu selo na gurnani a kunnenka, ka rubuta "Sai ta ji tsoro ya kama ta sosai", gabanka ya faɗi, ka ɗauka jimlar ce ta yi aiki. Ba ita ba ce, selon ne. Mai karatunka ba shi da selo, yana zaune ne a layin awo ko ta ɗora tukunya tana jiran ruwa ya tafasa, yara na hayaniya. Abin da ya isa gare shi jimla ce fanko.

Maganin: kana gama fitowa ka cire iyafis, ka tashi ka sha ruwa, ka dawo ka karanta a bayyane cikin shiru. Duk inda ka ji babu komai, tambayi kanka me kiɗan yake yi a daidai nan, sannan ka mayar da shi kalmomi. In sautin dogo ne mai ja, jimlarka ta yi tsawo, ta yi ta jan mai karatu ba ta ba shi wurin numfashi ba. In kiɗan ya tsaya cak, kai ma tsaya. Jimla gajera. Sabon layi. In wani siririn sauti ne ke shigowa daga nesa, nemo masa abu a cikin fitowar. Misali, maimakon "ta ji tsoro sosai", gwada: "Igiyar gugar a jiƙe take. Rabon rijiyar da ruwa tun kafin a haifi shugabar makarantar." Ba a ambaci tsoro ba, ba a kuma buƙatar selo.

Wanda bai yi wannan gwajin ba, shi ne zai zo zaure yana ƙorafin cewa ya rubuta babi yana kuka amma masu karatu ko sharhi ba su yi ba.

Batun kuɗi da kunne

Kada ka bar bidiyon YouTube na awa uku yana ci maka data kana rubutu a wata manhajar. Sauti zalla mai matsakaicin inganci bai cika wuce megabait ɗaya a minti ba, wato wajen 60 a awa, bidiyo kuwa ya ninka haka sau da yawa. Sauke abin da kake so tun da wuri a Audiomack ko Boomplay, sannan ka kashe data gaba ɗaya, ka huta da saƙonnin zaure ma. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, amma na kyautarsa da talla, kuma babu abin da ke kashe fitowar makoki kamar a katse ta da tallan lemo. Iyafis mai waya na kasuwa ya wadatar, ba ya cin caji, ranar da aka ɗauke wuta za ka gode masa.

Ƙarar kuma ka rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ma'aunin ƙara (decibel) 80 na awa 40 a mako shi ne iyakar da kunnen baligi zai ɗauka lafiya, yara kuma ƙasa da haka. A sauƙaƙe, in aka yi maka sallama daga ƙofar ɗaki ba ka ji ba, ya yi yawa.

Sauran

Gyaran rubutu ba da kiɗa ake yi ba, ko kaɗan. In ka gama littafi ka buɗe sababbin foldodi don na gaba, tsofaffin sun riga sun zama na wancan.

Kada ka kwafi baitin mawaƙi ka saka a bakin babi don ya yi maka daɗi. Baiti mallakar mai shi ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya na kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sai da izini. Ambaton sunan waƙa ba laifi. In jarumarka na buƙatar waƙar da kakarta ke rera mata, ko wadda ake jiyowa daga cikin rijiya, zauna ka ƙirƙiri taka, baiti biyu sun isa. Jerin kiɗan da ka yi aiki da shi kuwa za ka iya raba wa masu karatu, amma sai bayan sun gama littafin.