Darasi: Abin da Ke Riƙe Jikin Dabba

Idan mahauci ya feɗe akuya, sai ya ratsa fata da tsoka kafin wuƙarsa ta taɓa ƙashi. Fara kuwa, in aka soya ta aka ɓare, ba ƙashi ko ɗaya a cikinta. Taurinta duk a waje yake. Ita kuma tana, tsutsar nan ta cikin ƙasa, ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun, amma tana huda ƙasa ta wuce. Hanyoyi uku ke nan da jikin dabba ke samun madogara.

Na farko shi ne ƙwarangwal na ciki, irin na mutum, shanu, kaji, kifi da maciji. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Aikinsu biyu ne da ake gani da ido: kariya da motsi. Ƙoƙon kai ya rufe ƙwaƙwalwa, ƙashin baya ya lulluɓe laka, haƙarƙari kuma ya yi wa zuciya da huhu shinge. Mutum yana da haƙarƙari 12 a kowane gefe, saniya da tunkiya da akuya 13, doki kuwa 18. A wuya abin ya fi ban mamaki: da mutum da akuya da raƙumin dawa, kowa ƙashi 7 gare shi, tsawon kowane ƙashi ne ya bambanta. Kaza tana da 14, shi ya sa take juya kai ta gyara gashin bayanta da baki. Tozon raƙumi kitse ne, na sa kuma tsoka da kitse, babu ƙashi a cikinsu.

Ƙashi ba ya motsa kansa. Tsoka ce ke jan sa ta hanyar jijiya mai tauri, kuma tsoka ja kawai ta iya, ba ta turawa. Don haka kowace gaɓa tana da tsoka a gefe biyu, ɗaya ta lanƙwasa, ɗaya ta miƙe. Ku gwada da ƙafar kaza da aka yanke: ku nemo farar jijiyar da ke leƙowa a wurin yankan, ku ja ta da yatsa, za ku ga yatsun ƙafar sun dunƙule. A bakin kowace gaɓa akwai guringuntsi mai santsi da ɗan ruwa mai yauƙi, su ke hana ƙashi goga ƙashi.

Ga mai kiwo, nan ne darasin ya fi amfani, domin ƙashi abu ne mai rai, yana girma, yana lalacewa idan abinci ya gaza. Sinadarai biyu ne ke ba shi ƙarfi, kalsiyam da fosfaras. Ɓawon ƙwai ɗaya yana cin kimanin giram 2 na kalsiyam. Idan babu shi a abinci, kaza za ta ɗebo daga ƙashinta. Ƙwai ya riƙa fitowa da ɓawo mai laushi, daga baya ƙafafunta su kasa ɗaukarta. Abincin kaza mai ƙwai ya kamata ya ƙunshi kalsiyam wajen kashi 4 cikin 100, kuma ana samun sa a garin ƙashi da aka ƙona aka daka. Saniyar da kuka ga tana tauna tsohon ƙashi a daji da rani, yawanci fosfaras take nema. A ba ta gishirin lasa mai sinadarai, a kuma kawar da mushe daga makiyaya, don ƙashin mushe yakan ɗauki gubar da ke shanye jikin dabba ta kashe ta.

Idan ɗan akuya ya karye a ƙasan gwiwa kuma fata ba ta tsage ba, ana iya yi masa ɗori. A miƙe ƙafar a hankali, a naɗe ta da auduga ko tsumma mai tsabta, a jera karare masu ƙarfi waɗanda tsawonsu ya wuce gaɓar sama da ta ƙasan karayar, sannan a ɗaure. Kuskuren da aka fi yi shi ne matsewa. Kullum a taɓa kofaton: idan ya yi sanyi ko wurin ya kumbura, jini ya tsaya, a sassauta nan take. Ƙaramar dabba takan warke cikin mako 4 zuwa 6. Karayar da ƙashi ya huda fata, wannan sai likitan dabbobi.

Na biyu shi ne ɓawo na waje, irin na fara, kyankyaso, kunama da ƙaguwa. Tsokarsu a cikin ɓawon take manne, kuma ɓawon yana hana ruwan jiki ƙafewa, abin da ya sa kunama ke jure zafin hamada. Matsalarsa ɗaya: ba ya girma. Dole dabbar ta tsaga shi ta fito, wato saɓa. Farar ɗango tana saɓa sau 5 kafin ta yi fiffike, kuma a sa'o'in da sabon ɓawo bai ƙanƙare ba, ba ta iya kare kanta. Kada a haɗa wannan da saɓar maciji. Shi fata kawai yake tuɓewa, ƙasusuwansa ɗaruruwa suna nan ciki. Kunkuru ma na masu ƙashin ciki ne. Ƙoƙon bayansa haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe, ba zai taɓa fita daga ciki ba.

Na uku, ruwan jiki. Tana kamar salka ce da aka cika aka ɗaure bakinta. Tsokar da ta zagaye jikinta in ta matse, sai ta yi tsawo ta sirance. Wadda ta bi tsawon jikin in ta ja, sai ta gajarce ta yi kauri, ƙananan gasu kuma su kama ƙasa kada ta zame baya. Da zarar rana ta busar da ita, motsi ya ƙare.

Aikin gida: a zo aji na gaba da ƙafar kaza ɗaya, fara ɗaya da ƙashin haƙarƙari. Kowa zai nuna inda gaɓa take a kowannensu, ya kuma rubuta sunanta a littafinsa.