Yadda na gyara kuskuren shekara a tsabar Nero ta Iskandariyya

Tsabar kuɗi ce ta zamanin da, irin wadda ake kira tetradrachm (mai darajar drachma huɗu), nauyinta giram 13, faɗinta kusan milimita 24, kan Nero, sarkin daular Rum, a gaba, a baya kuma kan mace sanye da fatar kan giwa, wato siffar birnin Iskandariyya na Masar. Datti ya rufe harafi ɗaya, saura "LI" kaɗai, aka rubuta shekararta a matsayin 51 da lambobin Rumawa.

Na jiƙa ta kwana uku a tataccen ruwa, ina canza ruwan kullum, sannan na goge da buroshi mai laushi. Kada a kusance ta da lemun tsami: tagullar da ke cikinta ta fi azurfar yawa, tsami zai cinye tagullar ya bar fuskar da ramuka.

Sai ga B ya fito, ya zama "LIB". A tsabobin Masar, L alama ce ta "shekara", sauran kuma lambobin Girkanci ne: I goma, B biyu, shekara ta 12 ke nan ta sarauta. Shekarar Iskandariyya tana farawa a ƙarshen Agusta, kuma Nero ya hau mulki a Oktoba 54, wato shekararsa ta farko ta ƙare a Agusta 55, don haka an buga ta a 65/66 Miladiyya.