Yadda ake ɗaura wa motar gudu koiloba ta hannu don shiga filin tsere

Koiloba shokozoba ce da sifirin ya nannaɗe jikinta, an haɗe su wuri guda, ga zobba masu tiredi da ake murzawa a ɗaga mota ko a sauke ta. Sabuwa daga kamfanoni irin su KW, Öhlins ko Bilstein tana da tsada, shi ya sa masu zuwa filin tsere da yawa ke neman ta hannu. Ba laifi. Sai dai fentin waje ba ya faɗa maka halin da cikinta yake, kuma cikin ne kake saya.

Fara da tabbatar da cewa ta motarka ce. Sunan mota kaɗai bai isa ba. Mazda MX-5 da ta fito a 1989 da wadda ake ƙerawa yanzu suna ɗaya suke amsawa, amma ƙafafunsu daban ne. Karanta lambar da ke jikin koilobar ka gwada da ta kamfanin, ka kuma duba sifirin, galibi ana rubuta ƙarfinsa a jiki. Idan ka ga 8K, ana nufin sai an ɗora kilo 8 kafin ya lotsa milimita 1.

Sai dubawa, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci. Janye robar da ke rufe sandar shokozobar, ka bi jikin sandar da farce. Ya kamata ta yi sul kamar madubi. Idan farcenka ya saƙale a wani ɗan rami ko tabon tsatsa, wannan wurin zai yi ta yankar sil, wato robar da ke hana mai fita, duk hawa da sauka har mai ya zube. Duba bakin sil ɗin: ɗan laushin mai da ƙura ta manne masa ba abin tashin hankali ba ne, amma mai da ya gangaro jikin bututu alama ce ta ƙare. Cire sifirin ka danna sandar da hannu. Wadda ke da iskar naitirojin a ciki za ta dawo da kanta a hankali. Wadda ta tsaya cik, iskarta ta gudu. Gwada duka huɗun, biyun gaba su yi hali ɗaya, na baya ma haka. Murza zobban, domin da yawa tsatsa ta kama su har sun zama kamar an yi musu walda. Juya ɗan makunnin saita tauri ka ji ko yana ƙas-ƙas ɗaya bayan ɗaya. Ni dai idan mai sayarwa ya hana ni cire sifirin, na fasa cinikin.

Tambayi kamfanin ko har yanzu suna yi wa wannan samfurin sabis, wato canza mai, sil da iska. Ka lissafa kuɗin sabis ɗin a cikin kuɗin saye tun farko. In an haɗa ya kusa kamo farashin sabuwa, to arha ta zama tsada.

Kafin ka kwance komai, ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin madigadi, ka rubuta. Ɗaga ta, ka tokare da ƙafafun ƙarfe. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Cire taya, saki maƙalin tiyon birki da wayar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki), kwance notunan ƙasa sannan na sama. Wanke tiredin koilobar, ka shafa masa giris mai hana tsatsa, ka daidaita tsawon hagu da dama da ma'auni tun tana ƙasa. Notin da ke kan sandar kuwa, da sufanar hannu ake ɗaure shi. Bindigar iska tana juya sandar ta lalata kayan ciki.

Ga kuskuren da ya fi yawa: ɗaure notunan da ke ratsa bushin roba alhali tayoyi suna lilo a sama. Da zarar an sauke motar, robar za ta zauna a murɗe, ba da daɗewa ba ta tsage. Sai nauyin mota ya hau ƙafarta ake yi musu ɗaurin ƙarshe, da sufana mai auna ƙarfi, gwargwadon abin da littafin motar ya ce.

Kada kwaɗayin kyau ya sa ka kwantar da ita ƙasa sosai. Mota mai jan ciki tana burgewa a hoto, amma idan shokozoba ba ta da sauran wurin lotsawa, a tsakiyar kwana za ta daki robar tsayawa, taya ta saki ƙasa ba gargaɗi. Fara da sauke santimita 2 zuwa 3.

Daga nan sai alaimen, ba makawa, domin canza tsayi yana canza zaman taya. A filin tsere yawanci ana karkatar da saman tayoyin gaba ciki da digiri 2 zuwa 3. Idan akwai sikeli huɗu, ɗaya ga kowace taya, a ɗora motar kana zaune a kujerar direba, a murza zobba har nauyin gaba-hagu da baya-dama ya zama kashi 50 cikin 100 na jimla. Haka za ta riƙa shan kwanar hagu da ta dama da hali ɗaya.

Ranar farko a fili, sa makunnin tauri a tsakiya. Yi zagaye biyar ko shida, ka fito, ka canza abu ɗaya tak, ƙas biyu, ka rubuta a takarda. Idan hancin motar yana ƙin shiga kwana, sassauta taurin gaba. Idan baya ke neman wuce ka, sassauta taurin baya. Kafin ka koma zagaye na gaba, leƙa bayan kowace taya da tocila, ka taɓa zobban ka ji ko sun saki, ka duba bakin sil ko mai ya fara fitowa.